Gadar Dutse: Ginin da Nauyi Ke Ƙara wa Ƙarfi

Duk wanda ya tashi a Birnin Tsaba ya san damina ce ke yanke wa matafiyi hukunci. Idan ruwan Agusta ya kwana yana zuba, gulbin Gagare da na Bunsuru suka cika, ƙoramu suka kawo, sai mai zuwa kasuwar Ƙaura ko Shinkafi ya sauke buhunansa a bakin ruwa yana jiran ya janye. Na taɓa yini a gaban wani kwalbati da bai shekara biyar ba. Ruwa ya kwashe ƙasar gindinsa, simintin ya dare, rodi ya fito duk tsatsa. A nan na tuna da zauren kakana.

Kakana magini ne, rufin zaurensa kuwa ɗaurin guga ne: azarar giginya da aka jera hawa-hawa daga bango, aka ɗaure, aka shafe da ƙasa har ta lanƙwasa kamar baka ta haɗe a sama. Da wannan gwaninta Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830. Ke nan baka ba baƙo ba ne a hannun magininmu. Bambancin shi ne, bakanmu azara ce ke riƙe da shi, na gada kuwa dutse ne ke tallafe ɗan'uwansa.

Wajen gina bakan gadar dutse, kafinta ne ke fara kafa katako mai siffar baka. Sai a sassaƙa duwatsu, kowanne sama da faɗi, ƙasa a tsuke, a yi ta jerawa daga dama da hagu har a soka na tsakiya, wanda ke kulle sauran. Daga nan a zare katakon. Dutse yana jure danniya, ja ne ba ya so. A baka kuwa duk nauyin da ya hau matse duwatsun yake yi, ya gangara ta cikinsu zuwa gaɓa biyu.

Shi ya sa gadar Alkantara ta ƙasar Sifen, wadda Rumawa suka gama a shekara ta 106, take tsaye har yau. Sunanta ma Larabci ne, ma'anarsa gada. Yaƙi ya sha karya mata baka, ana mayarwa. A ƙasar Sin, gadar Zhaozhou da Li Chun ya gina wajen shekara ta 605 tana da baka mai faɗin mita 37, da ƙananan bakuna biyu a kowace kafaɗa, don ambaliya ta sami hanyar wucewa.

Lagon irin wannan gada yana ƙafarta. Gulabenmu na yashi ne, idan ba a haƙa tushe ya kai ƙasa mai tauri ba, ruwa zai rarake shi, bakan ya buɗe. Sai kuma saiwar itace, idan aka bar ta ta ratsa tsakanin duwatsu.

A yankin Kigoma na Tanzaniya, maginan ƙauye sun gina gadojin dutse da dama a 'yan shekarun nan. Mu ma muna da dutse, muna da magina. Burina in ga an ba su ƙorama guda, su gwada hannun da suka gada.