Touhou: Gem ɗin mutum ɗaya da masoya suka mayar da shi kasuwa guda

Wanda ya fara ganin Touhou a allon kwamfuta zai ɗauka na'urar ce ta rikice. Harsasai ja da shuɗi da kore, ɗaruruwa, suna zubowa daga sama kamar an ɓare buhun gero, ga wata 'yar yarinya a ƙasa tana kutsawa tsakaninsu. Japanawa suna kiran irin wannan gem "danmaku", wato labulen harsasai.

Masoyin gem ɗin kuwa ba rikici yake gani ba. Ya san ba duk jikin yarinyar harsashi ke kamawa ba, ɗan ɗigo ne kawai a tsakiyarta, don haka ratar da ido ke cewa ba ta shiguwa tana shiguwa. Ya san kowace abokiyar gaba tana da tsarin harbinta mai suna, wanda ake haddacewa kamar karatu. Yakan shafe makonni yana neman abin da suke kira 1cc: ya gama gem ɗin daga farko har ƙarshe ba tare da ya nemi a ƙara masa dama ba bayan rayukansa sun ƙare. Idan ya samu a matakin Normal, sai ya koma Hard, daga nan Lunatic. Sunan matakin ƙarshen ma ya ishi mai hankali gargaɗi.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne manyan wasannin jerin duk mutum ɗaya ne ke yin su. Jun'ya Ota, wanda aka fi sani da ZUN, shi ke rubuta manhajar, ya zana mutanen, ya tsara kiɗan, ya rubuta labarin. Ya fara yana ɗalibi a jami'ar Tokyo Denki, ya fitar da na farko a 1997 a kan kwamfutar PC-98 ta kamfanin NEC. Bayan guda biyar sai ya yi shiru, ya kama aiki a kamfanin Taito. A 2002 ya dawo da Embodiment of Scarlet Devil a kan Windows, kuma daga nan ne abin ya tashi. Zanensa, a faɗi gaskiya, ba wani na a zo a gani ba ne, masoyan ma sun sani kuma suna tsokanarsa a kai. Kiɗan da tsarin harsasan su ne suke riƙe mutum.

A ina yake sayarwa? A Comiket, babbar kasuwar masu buga abinsu da kansu, wadda aka fara a 1975, take ci sau biyu a shekara a Tokyo. Mutum ya kama teburi, ya jera faifansa ko littafinsa, masu saye su bi layi. Sai a 2017 aka fara samun wasanninsa a Steam.

Amma abin da ya raba Touhou da sauran shi ne izinin da ZUN ya bayar. Ya bar masoya su ɗauki mutanen labarinsa da kiɗansa su yi nasu, har su sayar a irin waɗannan kasuwanni, muddin ba su ce nasu ne na asali ba, kuma ba su kwashi hotuna ko sautin gem ɗin kai tsaye sun raba ba. Babban kamfani da lauyoyinsa da wuya ya yarda da haka. Sakamakon ya fi ƙarfin lissafi: tun 2004 Touhou ke da taronsa na kansa, Reitaisai, inda ba a sayar da komai sai kayansa.

Masu harkar na'urori sun san wani ɓangare na wannan ko da ba su taɓa buga gem ɗin ba. "Bad Apple!!" asalinsa kiɗa ne a Lotus Land Story na 1998. Wata ƙungiyar masoya, Alstroemeria Records, ta sake shi da waƙa a 2007, sannan a 2009 aka yi masa bidiyon inuwa, baƙi da fari zalla. Da yake launi biyu ne kacal, kowane ɗigo ko dai a kunne yake ko a kashe, sai ya zama abin gwaji ga masu rubuta manhaja. An kunna shi a kalkuleta, a tsofaffin na'urorin gem, har a allon na'urar auna siginar lantarki. Toby Fox, Ba'amurken da ya yi Undertale a 2015, shi ma bai ɓoye cewa Touhou na cikin abin da ya koya daga gare shi ba.

Ta wannan ƙofar ce masoyin harbi yake faɗawa cikin manga, littattafan labari cikin zane, musamman na shaguɓe. Bkub Okawa da zanen barkwanci a kan mutanen Touhou ya yi suna, kafin a 2014 ya fara Pop Team Epic. Kowane labari gida huɗu ne: 'yan mata biyu, Popuko gajera da Pipimi doguwa, suna zagi, suna duka, suna kwaikwayon finafinai da gem-gem don a yi dariya. Ba su bar kowa ba, har Takeshobo, kamfanin da ke buga su, wanda aka zana ana rushe masa gini. An mayar da shi katun na talabijin a 2018. Irin wannan rashin kunyar a teburin kasuwa ake koyonsa, inda babu edita mai cewa a'a.

Sai dai ƙasar da aka yi ginin a kai ba ta da tauri sosai. A dokar Japan, yin labari da mutanen da wani ya ƙirƙira ba tare da izini ba keta haƙƙin mallaka ne. Abin da ke kare yawancin masu teburi shi ne ba a gurfanar da kowa sai mai haƙƙin ya kai ƙara, su kuma masu haƙƙin sukan kau da kai. Lokacin da ake tattauna yarjejeniyar ciniki ta TPP hankalin masu zane ya tashi, don an so a ba hukuma damar kama mutum ko ba a kai ƙara ba. Sai da Firaminista Shinzo Abe ya fito a majalisa a 2016 ya ce wannan ba zai shafi irin waɗannan littattafai ba, tunda ba sa gogayya da na asali a kasuwa.

Izinin ZUN ma yana da iyaka, kuma shi ke ja ta. A 2015 wasu masoya a ƙasashen waje suka buɗe neman kuɗi a Indiegogo don yin gem ɗin dambe da mutanen Touhou. Suna ganin ƙauna ce, amma a al'adar Comiket mutum da aljihunsa yake fara aiki, ya sayar bayan ya gama. Aka yi ta cece-kuce tsakanin masoyan Japan da na waje, ƙarshe dai aka janye neman kuɗin.

ZUN, wanda aka haifa a 1977, har yanzu yana aikin. A 2025 ya fitar da na 20 a jerin, Fossilized Wonders.