Ciwon Gwiwa Ba Ya Hana Ƙarfafa Cinya

Da yawa daga masu fama da ciwon gwiwa sun riga sun yanke wa kansu hukuncin cewa su da motsa jiki sai dai kallo. Ba za a ga laifinsu ba. Kusan duk bidiyon da mutum zai buɗe a YouTube ko TikTok kan yadda ake ɗaure cikin cinya, abin da zai gani shi ne tsugunno da tsalle da ware ƙafafu ana durƙusawa gefe. Wanda tashi daga sujada ma sai ya dafa ƙasa, ina shi ina wannan? Sai a haƙura a zauna, cinya ta ci gaba da saki, gwiwar da ake lallaɓawa kuma ta ƙara lalacewa.

Abin da mutane da dama ba su sani ba shi ne, tsokokin cikin cinya daga ƙugu ake aiki da su. Guda 5 ne, sun taso daga ƙashin mara suka gangaro suka manne a jikin ƙashin cinya, kuma ɗaya ce kawai a cikinsu, wata siririya doguwa, ta tsallake gwiwa ta kama saman ƙashin ƙwauri. Aikinsu shi ne jawo ƙafa ɗaya zuwa ga 'yar'uwarta, da riƙe ƙugu kada ya karkace idan mutum yana tafiya ko ya tsaya kan ƙafa ɗaya. Duk wanda ya taɓa hawa doki ya wuni a kai ya san inda suke, domin su ne ke yi masa tsami washegari. Tunda haka ne, ana iya wahalar da su sosai mutum yana kwance ko yana zaune, ba tare da gwiwa ta ɗauki nauyin jiki ba.

Amma kafin a kai ga yadda ake yi, akwai wata magana da ya kamata a faɗa ƙarara, musamman ga mata masu neman a rage musu teɓar cinya. Motsa tsokar wani wuri ba ya narkar da kitsen da ke kwance a kanta. Jiki yana cire kitse daga ko'ina ne bisa tsarin halittarsa, kuma a wajen mata da yawa cinya da ƙugu ne ke zama na ƙarshe wajen sauka. Man shafawa da ɗamarar roba da shayin rage ƙiba da ake tallatawa a Facebook ba za su canza wannan ba, kuɗi kawai suke ci. Abin da atisaye zai yi shi ne ya cika tsokar da ke ƙasa, ya ɗaure ta, cinya ta daina rawa, tafiya ta ƙara nagarta. Raguwar kitse kuwa aikin abinci ne da yawan motsi gaba ɗaya. A nan ma gwiwa ce ke cin riba: wani bincike da aka yi a Amurka aka wallafa a 2005 ya nuna cewa duk kilo 1 da mai ciwon gwiwa ya sauke, nauyin da ke danna gwiwarsa a kowane taku yana raguwa da kusan kilo 4.

Mafi sauƙin farawa shi ne matse matashi. A kwanta rigingine a kan tabarma ko darduma, a ɗan tanƙwara gwiwoyi, tafin ƙafa a ƙasa. A ninka matashin kai biyu a sa tsakanin cinyoyi, a ɗan sama da gwiwa, kada a ɗora shi daidai kan gaɓar. Sai a matse a hankali har a ji cikin cinya ya ɗaure, a riƙe ana ƙirga ɗaya zuwa biyar, sannan a saki sannu a hankali. Sau 10 ya isa a rana ta farko. Wurin da ake yawan kuskure shi ne numfashi: mutum zai matse matashi ya matse numfashinsa tare, fuska ta kumbura, jijiyar wuya ta tashi. Wannan yana tayar da hawan jini nan take, don haka masu hawan jini su fi kowa kiyayewa, a riƙa fitar da numfashi a lokacin da ake matsewa. Wanda kwanciya a ƙasa ke yi wa wuya, ko tashi daga ƙasan ne matsalarsa, ya yi a kan gado mai tauri ko a zaune a kujera, duk ɗaya ne.

Idan an kwana biyu ana wannan har ya zama ba komai ba, sai a ƙara masa ɗaga ƙugu. Matashin yana nan a matse, sai a danna diddige a ƙasa a ɗaga ɗuwawu sama har jiki ya miƙe daga kafaɗa zuwa gwiwa, a ɗan dakata, a sauko. Idan gaban gwiwa ya yi ƙorafi, a tura ƙafafu gaba kaɗan don lanƙwasar ta ragu.

Wanda ya fi kama cikin cinya kai tsaye shi ne na kwanciyar gefe. A kwanta a gefen dama, a miƙe ƙafar dama, a kawo ta hagu gaba a ɗora gwiwarta kan matashi. Sai a ɗaga ƙafar da ke ƙasa tana miƙe, tazarar kamar taƙi ɗaya daga tabarma, a riƙe kaɗan, a sauke ba tare da an yar da ita ba. Da gani abin kamar wasa ne, amma kafin a kai na takwas cinya ta fara karkarwa. Idan mutum ya lura jikinsa yana mirginawa baya don ya samu ƙafar ta ƙara tashi, to ya wuce iyakarsa, ya rage tsayin. A yi 8 zuwa 12 a juya ɗaya gefen. Masu son ƙara nauyi su ɗora shi a kan cinya sama da gwiwa. Ɗaura jakar yashi ko igiyar roba a idon sawu yana jan gefen gwiwa na ciki, wanda shi ne ɓangaren da ya fi saurin cinyewa ga masu amosanin gaɓɓai. Haka ma atisayen nan da 'yan ƙwallo ke yi mai suna Copenhagen, wanda ake ɗora ƙafa kan benci a ɗaga jiki gaba ɗaya: yana da amfani wajen kare su daga ciwon matsematsi, amma bai dace mai raunin gwiwa ya fara da shi ba.

Wanda ya tsaya a cikin cinya kaɗai ya yi rabin aiki. Tsokar gaban cinya ita ce babbar mai tsaron gwiwa, kuma ita ce ke fara ramewa da zarar ciwo ya sa mutum ya rage tafiya. Ɗaga ƙafa a miƙe daga kwance, ko miƙe gwiwa daga zaune a riƙe na ɗan lokaci, sun wadatar a farko. Tsokokin gefen ƙugu ma suna son nasu rabon, domin su ne ke hana gwiwa faɗawa ciki idan ana hawa matakala.

Sau nawa? Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2020, ta ce baligi ya ƙarfafa tsokokinsa aƙalla kwana 2 a mako, ya kuma samu minti 150 zuwa 300 na motsi matsakaici a kowane mako. Ga mai ciwon gwiwa, tafiya a shimfiɗaɗɗen wuri da takalmi mai laushi, ko keken motsa jiki da aka ɗaga sirdinsa, ko tafiya cikin ruwa ga wanda ke da hali, sun fi gudu da tsalle. Kada a sa ran ganin canji a mako guda. Ƙarfi yakan fara bayyana bayan makonni kaɗan, surar cinya kuwa sai an yi watanni.

Ciwon gwiwa kuma ba na mutum ɗaya ba ne. Alƙaluman hukumar sun nuna cewa a 2019 mutane kimanin miliyan 528 ne ke da amosanin gaɓɓai a duniya, miliyan 365 daga ciki a gwiwa yake, kuma kashi 60 cikin 100 mata ne. A wajenmu akwai abubuwan da ke ƙara wa gwiwa aiki kullum: masai na tsugunno, girki da wanki a kan 'yar guntuwar kujera, zaman tabarma na tsawon lokaci. A ganina, ɗaga murhu da sayen kujerar bayi ga tsohuwar da ke fama sun fi mata alheri kan ƙwayoyin kashe zafi da ake saya a kemis ana sha ba ƙa'ida, waɗanda yawansu ke taɓa ciki da ƙoda.

Ya kamata a iya bambance gajiyar tsoka da kukan gaɓa. Tsami a naman cinya da ke wucewa cikin kwana ɗaya ko biyu alama ce cewa aiki ya yi. Sukar da ake ji a cikin gwiwa, ko kumburin da ya kwana, na nufin an wuce gona da iri, sai a rage. Idan gwiwa ta kumbura ta yi zafi ga zazzaɓi, ko tana ƙagewa ta ƙi miƙewa, ko tana sulluɓewa mutum ya nemi faɗuwa, ko ciwon ya biyo bayan faɗuwa ko haɗari, to a ajiye matashi a nufi asibiti. Masu cutar sikila su kula da ciwon matsematsi, domin sau da yawa daga kan ƙashin ƙugu yake tasowa, kuma ciwon ƙugu yana iya sauka a ji shi a gwiwa. Mai juna biyu da wadda aka yi wa aikin haihuwa su tambayi likita kafin su fara. Asibitin Ƙashi na Dala a Kano da asibitocin koyarwa suna da sashen gashin ƙashi, kuma zama ɗaya da ma'aikacin wannan sashe ya isa ya duba gwiwarka ya faɗa maka wanda za ka fara da shi da wanda za ka bari.