Rawar jinkiri a Wi-Fi da matsalar katangar tsaro bayan sabunta babbar manhaja

Rawar jinkiri, wadda a Turanci ake kira jitter, ita ce rashin daidaiton lokacin da fakitocin bayanai ke ɗauka kafin su isa inda aka tura su a kan hanyar sadarwa. Idan fakiti ɗaya ya isa cikin milisakan 10, na biye da shi ya ɗauki 120, na uku ya koma 12, to hanyar tana rawa, ko da kuwa tana sauke fayil da sauri. Matsalar ta fi yawa a Wi-Fi a kan kebul, kuma takan ɓullo ko ta ƙaru bayan an sabunta babbar manhajar kwamfuta, kamar Windows ko macOS. A irin wannan lokaci ne kuma manhajojin katangar tsaro kan daina jituwa da sabon tsarin. Wannan ya sa masu amfani da kwamfuta suke yawan ɗaukar matsalolin biyu a matsayin abu guda, alhali tushensu daban ne.

Suna

Idan aka rubuta kalmar Turancin yadda ake furta ta, za ta koma jita, wadda tuni ta zama sunan abin kiɗa a Hausa, sannan ga ta kusa da jita-jita. Don haka wannan maƙala ta yi amfani da "rawar jinkiri", da ma'anar rawa irin ta rawar sanyi ko rawar murya, wato rashin tsayawa wuri ɗaya. Ma'anar ta dace da asalin kalmar, domin a Turanci ma tana nuni ne ga karkarwa.

Bambancinta da jinkiri

Jinkiri shi ne tsawon lokacin tafiyar fakiti. Rawa kuma ita ce yadda wannan lokacin ke hawa da sauka. Ana auna su duka da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan. A ɗauki hanyoyi biyu a matsayin misali. A ta farko, fakitoci huɗu sun ɗauki milisakan 40, 41, 39 da 40. A ta biyu sun ɗauki 10, 12, 128 da 10. Matsakaicin kowace 40 ne, amma wanda ke kiran murya a kan ta biyu zai ji magana tana yankewa, ta farko kuwa lafiya lau.

Dalili shi ne manhajojin kira kan yanka murya gunduwa-gunduwa, galibi kowace ta milisakan 20, su tura su a jere. Na'urar da ke karɓa tana bukatar kowace gunduwa a kan lokacinta. Wadda ta makara ta zama kamar ba ta zo ba, domin wurinta ya riga ya wuce. Don rage wannan, manhajar takan ajiye ɗan rumbun jira inda take tara fakitoci kafin ta kunna su. Rumbun yana ɓoye rawar, amma kuɗinsa ƙarin jinkiri ne, kuma shawarar G.114 ta Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya ta nuna cewa hira ta fi tafiya daidai idan jinkirin zuwa bai wuce milisakan 150 ba. Da zarar an wuce haka sosai, masu magana sukan fara katse juna. Kallon bidiyo a YouTube bai cika jin wannan matsala ba, saboda yana tara sakanni da yawa a gaba. Masu shan wahala su ne masu kiran WhatsApp da Zoom, masu wasannin intanet, da masu sarrafa wata kwamfuta daga nesa.

Takardar RFC 3393 ta shekarar 2002 ta bayyana yadda ake auna sauyin jinkirin fakiti, sannan RFC 3550 ta 2003, wadda ta tsara ƙa'idar RTP da ake ɗaukar murya da bidiyo a kanta, ta kawo lissafin da manhajoji da yawa ke bi: duk fakitin da ya iso, sai a gyara ƙiyasin rawar da kashi ɗaya cikin 16 na bambancin da aka gani.

Abin da ke sa Wi-Fi rawa

Iska hanya ce ta tarayya. A ƙa'idar 802.11, wadda ta fara fitowa a 1997, na'ura ba ta magana sai ta saurara ta ji tashar babu kowa. Idan ta ji wani yana magana sai ta jira, ta ƙara da wani ɗan lokaci da take zaɓa ba bisa tsari ba, don kada ita da wata su fara tare. Fakitin da ya lalace a hanya kuma sai an sake tura shi. Ke nan rashin tabbas yana cikin ginin Wi-Fi tun asali, ba lalacewa ba ne. Abin yakan tsananta a zangon gigahaz 2.4, inda tashoshi uku ne kawai, 1 da 6 da 11, ba sa hawa kan juna, kuma Bluetooth da na'urar ɗumama abinci duk a nan suke aiki. A ɗakunan kwanan ɗalibai da kasuwannin waya, inda kowa ke da MiFi ɗinsa ko ya kunna rabon intanet a wayarsa, tashoshin nan uku kan cika maƙil. Mai amfani da MiFi ma hanyoyin rediyo biyu yake bi a jere, na Wi-Fi da na kamfanin waya, kuma kowace tana da tata rawar.

Akwai kuma dalilan da suke fitowa daga cikin kwamfutar kanta, kuma su ne sabuntawa ta fi taɓawa. Katin Wi-Fi rediyo ɗaya gare shi. Duk lokacin da babbar manhaja ta umarce shi ya leƙa wasu tashoshi don neman hanyoyin da ke kusa, dole ya bar tashar da yake kai na ɗan lokaci, fakitoci su yi layi suna jiransa. Masu wasanni a zamanin Windows Vista sun san wannan sosai, domin binciken da tsarin ke yi a ɓoye yakan sa jinkiri ya yi tsalle kusan kowane minti ɗaya. Tsarin tattalin batir ma haka yake: katin yakan yi ɗan barci, rauta ta riƙe masa fakitocinsa har ya farka. Sabuwar babbar manhaja kan zo da sabon direban kati, ta canza yawan bincike ko zurfin barcin, ko ta mayar da saitin da mutum ya gyara da hannunsa zuwa na asali ba tare da ta sanar da shi ba.

Wani dalili da ba na rediyo ba shi ne cunkoson rumbu, wanda Jim Gettys ya ja hankali a kansa a 2010. Rauta mai babban rumbu takan tara fakitoci masu yawa idan ana tura babban fayil, sai fakitin murya ya tsaya a bayansu. Wannan yana da alaƙa da sabuntawa ta wata fuska mai sauƙi: a kwanakin farko kwamfuta kan shagala da sauke ƙarin gyare-gyare da daidaita hotuna da fayiloli da ma'ajiyar intanet, sai mutum ya zaci sabon tsarin ne ya lalata masa Wi-Fi.

Misalin AWDL a kwamfutocin Apple

AWDL ƙa'ida ce ta kamfanin Apple da ke haɗa na'urorinsa kai tsaye ba tare da rauta ba, kuma a kanta AirDrop yake aiki. Masu bincike a Jami'ar Fasaha ta Darmstadt da ke Jamus sun warware yadda take aiki, suka wallafa a 2018. Na'urorin kan haɗu a wasu tashoshi na musamman, wato 6, 44 da 149, a cikin gajerun tagogi na lokaci. Idan rautar gida tana kan wata tasha daban, rediyon kwamfutar zai riƙa kai da komo tsakanin biyun, kuma kowace tafiya tana bayyana a matsayin tsallen jinkiri.

An yi ƙorafi a kan wannan tun fitowar OS X Yosemite a 2014. Ya sake tasowa a ƙarshen 2022, lokacin da cibiyoyi irin su Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles suka sanar da matsalar Wi-Fi a kwamfutocin Mac masu injin M1 da M2, kafin fitowar macOS 13.1 a watan Disamba na shekarar. Masu ilimin abin sukan kashe mahaɗar awdl0 da umarni, amma tsarin yana iya sake kunna ta, kuma muddin tana kashe AirDrop ba zai yi aiki ba. Wata dabarar ita ce a mayar da rauta kan tasha 149 ko 44, inda dokar ƙasa ta yarda, domin rediyon ya rage yawo.

Katangar tsaro da sabuntawa

Katangar tsaro manhaja ce da ke duba abin da ke shiga kwamfuta da abin da ke fita, ta bari ko ta hana bisa dokokin da aka sa mata. Kafin ta iya wannan, sai ta zauna a kan hanyar da fakitoci ke bi a cikin babbar manhaja, wuri ne kuwa da masu kera babbar manhajar ke yawan sake wa fasali. Nan ne rikicin yake.

Wani sanannen misali ya faru a watan Yulin 2008. Microsoft ta fitar da gyara mai lamba KB951748 don toshe ɓarakar tsarin sunaye na DNS da Dan Kaminsky ya gano. Gyaran ya canza yadda Windows ke zaɓar ƙofofin da take tura tambayoyin DNS, sai katangar ZoneAlarm ta ɗauki sabon halin a matsayin abin zargi ta toshe shi. Masu amfani da ita da yawa suka wayi gari babu intanet, har sai da kamfanin ya fitar da sabon zubi. Babu ɓangaren da ya yi abin da ya saɓa wa aikinsa, amma haɗuwar biyun ta rufe hanya.

A ɓangaren Apple, tsoffin katangu irin su Little Snitch na kamfanin Objective Development da ke Biyana suna shiga cikin zuciyar babbar manhaja ne kai tsaye. Daga macOS Catalina na 2019 Apple ya fara janye wannan dama, ya tura masu manhajoji zuwa wani tsari da ke aiki a wajen zuciyar. Hujjar tana da ƙarfi, domin kuskure ɗaya a cikin zuciya yana iya kayar da kwamfutar baki ɗaya. Sai dai a Big Sur, wanda ya fito a Nuwamban 2020, an gano cewa akwai jerin manhajojin Apple sama da 50, har da App Store da FaceTime, waɗanda sabon tsarin ba ya nuna wa katangar zirga-zirgarsu. Patrick Wardle, mai katangar LuLu, ya nuna cewa muguwar manhaja za ta iya laɓewa a bayan waɗannan ta fice ba a gan ta ba. Apple ya cire jerin a macOS 11.2 a farkon 2021. Wannan nau'in rashin jituwa ya fi na ZoneAlarm haɗari, domin wanda intanet ɗinsa ya yanke ya san akwai matsala, wanda katangarsa ta makance kuwa bai sani ba.

An sake ganin irin haka da fitowar macOS Sequoia ranar 16 ga Satumba, 2024. An ba da rahoton yankewar haɗi da gazawar DNS a kwamfutocin da ke ɗauke da manhajojin tsaro na kamfanoni irin su CrowdStrike, Microsoft da ESET, wasu kuma sun gamu da matsala da katangar da ke cikin macOS ɗin kanta. Apple ya fitar da 15.0.1 a farkon Oktoba da nufin inganta jituwa da manhajojin tsaro na wasu kamfanoni. Sequoia ya kuma zo da neman izini kafin manhaja ta yi magana da na'urorin cikin gida, abin da ke sa firinta ta ɓace wa wanda ya danna "a'a" bisa kuskure, ya koma yana zargin katanga.

Rarrabe matsalolin biyu

Katanga tana iya ƙara jinkiri, musamman idan an jera matatu da yawa a kan juna, misali katanga da VPN da manhajar kashe ƙwayoyin cuta, kowace tana son duba haɗi ɗaya. Amma yawancin katangu suna yanke hukunci ne a farkon haɗi, don haka alamarsu ita ce shafi ya daɗe bai buɗe ba, ko haɗi ya mutu gaba ɗaya, ko suna ya ƙi warwaruwa alhali lambar adireshi tana amsawa. Tsallen jinkiri da ke dawowa a kan ƙa'ida, kowane sakan kaɗan ko kowane minti, ya fi kama da aikin rediyo.

Gwajin da aka saba yi shi ne a aika umarnin ping zuwa rautar gida, ba zuwa wani shafi na nesa ba. A Wi-Fi mai lafiya amsar kan dawo cikin milisakan kaɗan. Idan tana tsalle zuwa ɗari ko fiye, matsalar tana tsakanin kwamfuta da rauta, ba ruwan kamfanin intanet. Daga nan sai a sa kebul a maimaita. Rawar da ta ɓace a kebul ta Wi-Fi ce, wadda ta ci gaba kuwa tana nuni ga manhaja ko rautar kanta. A tsarin macOS na yanzu, rufe tagar katanga ba ya cire matatarta, sai an kashe ta daga saitin hanyar sadarwa, kuma rashin sanin haka kan sa a wanke katangar da ita ce mai laifin.

Kashe katanga gwaji ne na mintuna, ba magani ba, ko da yake a dandalin tattaunawa an fi ba da shi a matsayin magani. Ma'aikatu da jami'o'i kan jinkirta babbar sabuntawa har sai masu manhajojin tsaronsu sun tabbatar da jituwa, su gwada a kan kwamfutoci kaɗan tukuna. Jinkirin ma yana da nasa haɗarin idan ya yi tsawo, saboda gyaran ɓarakar tsaro ta hanyar sabuntawa yake zuwa. Apple kan ci gaba da fitar da gyaran tsaro ga zubi biyu da suka gabaci na yanzu, wanda ke bai wa mai jira sarari, amma Windows 10 ta daina samun tallafin yau da kullum tun 14 ga Oktoba, 2025, sai ga waɗanda suka shiga shirin ƙarin wa'adi.