Allura a leɓe, haɗari a huhu

A unguwar Kilomita Biyar ta Bangui, wadda aka fi sani da PK5, inda babbar kasuwar birnin da babban masallaci suke, ba abin mamaki ba ne ka ga tela da fil biyu uku a leɓe yana auna atamfa. A gida kuma budurwa kan cije allurar hijabi, hannuwanta na gyara mayafi. Ta yi dariya ko ta amsa kira da sauri, sai allura ta wuce.

Hanya biyu ce a wuya. Ɗaya ta abinci ce zuwa ciki, kuma galibin abin da ya bi ta yakan fita da bayan gida, ko da yake abu mai tsini na iya huda hanji. Ɗayar ta iska ce zuwa huhu, nan ne babbar matsalar. Mutum ya ƙware, ya yi tari mai tsanani, can tarin ya lafa, kowa ya ce an tsira. Alhali abin yana nan maƙale, sau da yawa a reshen dama na hanyar iskar saboda ya fi faɗi da miƙewa. Bayan makonni sai zazzaɓi da ciwon huhu mai dawowa, a yi ta shan maganin tari a banza.

Likitocin Turkiyya da Masar sun daɗe suna ciro allurar hijabi daga huhun 'yan mata. Haka masu sanye da wayar gyaran haƙora: guntun waya ko ɗan ƙarfen da aka manna wa haƙori kan ɓalle ya bi hanyar iska, musamman lokacin da mutum yake kwance rigingine a kujerar likita. Yara ƙanana kuwa, gyaɗa ce ta fi kama su, ga shi ba ta fitowa a hoton ƙirji kamar ƙarfe.

Da bututu mai fitila ake ciro irin wannan, dabarar da Gustav Killian ya fara a Jamus a 1897. Tura tuwo ko ayaba, ko cusa yatsa a maƙogwaro, ƙara ɓarna ne. A nufi asibiti nan take, ko da tarin ya tsaya, a faɗa wa likita ainihin abin da aka haɗiye da lokacin. Iyaye mata, a daina riƙe allura da baki, kada kuma a ba yaron da bai kai shekara huɗu ba gyaɗa ƙwaya.