Girgizar Sitiyari Bayan Sauya Boris: Yadda Ake Gano Tushen Matsalar

Motocin da ke zirga-zirga tsakanin Katsina da Batsari, ko daga Dutsin-Ma zuwa Safana da Runka, na daga cikin waɗanda suka fi shan wahala a jihar Katsina. A-kori-kura da Kanta da Hilux ne ke kwaso hatsi da rogo da dankali daga ƙauyuka, su bi burtali mai rairayi da ƙwari, kafin su hau kwalta. Abin da ya fi saurin gajiya a irin wannan aiki shi ne boris ɗin ƙafafun gaba. Mai mota kan ji ƙugi, ya kai wa bakanike, a sauya, a biya. Amma sau da yawa da an fito gareji an ɗan taka mota, sai sitiyari ya soma rawa a hannun direba.

Daga nan gardama kan tashi. Mai mota ya ce gyaran ne bai yi ba, bakanike ya ce boris ɗin da aka sayo ne jabu, mai kayan gyara kuma ya rantse nasa mai kyau ne. A wannan yanki lamarin ya wuce asarar kuɗi. Ƙananan hukumomin Batsari da Safana na maƙwabtaka da dajin Rugu, inda matsalar 'yan bindiga ta daɗe tana addabar jama'a, kuma babu direban da ke fatan ƙafar motarsa ta cije a hanya bayan la'asar sakaliya.

Aikin boris da ire-irensa

Boris shi ne ke ɗauke da nauyin mota, tare da bai wa taya damar juyawa ba tare da ƙarfe ya ci ƙarfe ba. Yana zaune ne a cikin hob, wato gindin da ake ɗaura wili a kansa. Iri biyu ne aka fi samu. Na farko shi ne mai 'ya'ya masu siffar mazurari, wanda wani Ba'amurke, Henry Timken, ya yi wa rajistar mallaka a 1898. Ana sa shi biyu-biyu, na ciki da na waje, a cika shi da giris, sannan a daidaita shi da noti. Shi ne a ƙafar gaban Kanta da manyan motocin ɗaukar kaya da tsofaffin Hilux. Na biyu shi ne rufaffe, wanda ke zuwa da giris ɗinsa daga masana'anta. Ba a daidaita shi, sai dai a danna shi da injin matsi, ko a ɗaure shi ɗungurungum da hob ɗinsa.

Akwai abin da ya kamata mai mota ya riƙe tun farko. Alamar boris da ya ci ita ce ƙugi ko gurnani da ke ƙaruwa da gudu, wanda kan sauya murya idan an karya kwana. Ba kasafai yake kawo girgiza ba sai ya yi sako-sako ƙwarai. Saboda haka idan girgiza ta biyo bayan gyara, ɗaya daga cikin abu uku ne ya faru: ko an yi kuskure wajen haɗawa, ko an taɓa wani abu a maƙwabtan boris lokacin kwancewa, ko kuwa akwai tsohuwar cuta da ƙugin boris ya ɗauke hankali daga kanta.

Lokacin da girgizar ke zuwa

Kafin a ɗauki sifana, direba ne zai fara ba da shaida. Ana neman miƙaƙƙiyar kwalta mai kyau, da rana, ba tare da kaya ba, a lura da lokacin da rawar ke farawa.

Idan ta soma ne daga wajen kilomita 80 zuwa 110 a sa'a, tana raguwa idan an sassauta, zargi na farko na kan rashin daidaiton nauyin taya. Idan kuwa tun a kilomita 20 zuwa 40 sitiyari ke lilo dama da hagu a hankali, to ko dai rim ya lanƙwashe, ko taya ta kumbura, ko wili bai zauna daidai a kan hob ba. Girgizar da ba ta zuwa sai an taka birki, har feda na bugun ƙafa, tana nuni ga farantin birki ko duram. Wadda ke zuwa idan an ba mota wuta, ta ɓace da an ɗaga ƙafa, ta fi kama da matsalar farfela ko sandar da ke kai ƙarfi ga ƙafar gaba a motoci masu jan ƙafa huɗu. Mafi haɗari ita ce wadda ke tashi farat ɗaya bayan an faɗa rami, gaban mota ya riƙa kaɗawa har sai an kusa tsayawa. Wannan alama ce ta sako-sako a kingfin ko tayirod ko bushin, musamman a motocin da ƙafafunsu na gaba ke kan ƙarfe guda.

A fara da mai sauƙi

Abu na farko shi ne notocin wili. A gareji da yawa yaron shago ne ake bari ya mayar da taya, ya ɗaure noti ɗaya har ƙarshe kafin ya koma na kusa da shi. Hakan na sa wili ya zauna a karkace. Ƙa'ida ita ce a fara ɗaura su duka da hannu, sannan a riƙa matsewa ana tsallakawa zuwa na daura da shi, kaɗan-kaɗan, a kammala da sifana mai auna ƙarfin ɗauri daidai da abin da littafin motar ya faɗa. Tsawaita sifana da bututu a hau kai da ƙafa na miƙar da ƙusoshin hob, har wata rana su karye. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 kuma ana sake duba su.

Na biyu shi ne fuskar hob. Idan aka cire faranti ko duram aka ajiye a ƙasa, rairayi da tsatsa kan manne a bayansa. Ƙwayar yashi guda da ta maƙale tsakanin hob da faranti ta isa ta karkatar da shi, kuma karkatar da ba a gani da ido a tsakiya takan ninku idan ta isa bakin taya, domin nesa da tsakiya ne ke ƙara mata girma. Masu ƙera motoci da dama ba su yarda karkatar farantin birki ta wuce milimita 0.05 zuwa 0.10 ba, wato kusan kaurin silin gashi. Maganin wannan ba ya buƙatar sayen komai. A kwance, a goge fuskokin biyu da buroshin ƙarfe har su yi haske, a mayar.

Na uku shi ne daidaiton nauyin taya. Dalmar da ake maƙalawa a bakin rim kan faɗi yayin da ake jifa da taya a gareji. Da damina kuma laka kan bushe a cikin rim. Lissafin abin yana da ban mamaki. Tayar Hilux da kewayenta ya kai kusan mita 2.4 tana juyawa sau 10 a daƙiƙa idan mota na gudun kilomita 90. A wannan gudun, busasshiyar laka mai nauyin giram 100 a cikin rim na fizgar ƙafar da ƙarfin da ya kai na kusan kilo 8, kuma idan gudu ya ninka biyu, fizgar kan ninka huɗu. Gwaji mafi araha shi ne a mayar da tayoyin gaba baya, na baya su dawo gaba, in girmansu ɗaya ne. Idan rawar ta bar sitiyari ta koma kujera, an kama mai laifi, sai a nufi wurin balansin.

A nan ne ya kamata a duba lafiyar tayar kanta. A ɗaga ƙafa da jak, a juya taya da hannu, a kafa wani abu kusa da ita a ga ko tana tsalle ko lilo. Tayoyin gwanjo kan rabu da wayoyinsu na ciki su yi ƙusumbi. Lambobi huɗu na ƙarshe da ke bin rubutun DOT a gefen taya na nuna mako da shekarar da aka ƙera ta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana gargaɗi kan tsofaffin tayoyi.

Komawa ga boris ɗin kansa

Idan waɗannan ba su warware matsalar ba, sai a koma kan aikin da aka yi. Ana ɗaga mota, a tokare ta da abin da ya fi jak aminci, a kama taya sama da ƙasa a jijjiga. Idan an ji motsi, sai wani ya taka birki a sake jijjigawa. In motsin ya ɓace, boris ne ke da sako-sako. In yana nan, to boljoyin ne ko kingfin. Daga nan a kama ta dama da hagu. Motsi ta wannan fuska kaɗai ya fi nuni ga tayirod ko akwatin sitiyari.

A boris mai noti, kuskure iri biyu ne. Idan aka bar shi sakwaf, taya za ta yi lilo. Idan aka matse shi fiye da kima, giris zai ƙone, ƙarfe ya yi zafi, ya cije. Ƙa'idar RP 618 da masu manyan motoci ke bi a Amurka ta ce motsin da ya rage kada ya gaza milimita 0.025, kada kuma ya wuce 0.127. Hanyar da aka saba ita ce a matse noti ana juya taya domin 'ya'yan su zauna, a sassauta, sannan a sake ɗaurewa daidai gwargwado, a kulle da sabon fin ko wosha mai harshe. Ƙusa ko guntun waya ba sa maye gurbin fin. Wani kuskuren kuma shi ne a sa sababbin 'ya'ya a kan tsohon kofi, ko a buga sabon kofin bai kai ƙarshen mazauninsa ba. Bayan 'yar tafiya kofin kan ƙarasa zama, sai sako-sako ya bayyana ko da an daidaita da kyau a gareji.

A rufaffen boris, babban abokin gaba shi ne guduma. Bugu na sa 'ya'yan ƙarfen su yi tabo a hanyar da suke bi, sabon boris ya mutu tun bai fara aiki ba. Guduma kan kuma lanƙwasa fuskar hob, kuma lanƙwasasshen hob ba ya gyaruwa da balansin. Idan fitilar ABS ta kama bayan gyara, wataƙila an juya boris ɗin baibai, domin a wasu motocin gefe ɗaya ne ke ɗauke da zoben maganaɗisu da na'urar ke karantawa.

Bayan tafiyar kilomita 10 zuwa 15 ba tare da yawan taka birki ba, a kusantar da bayan hannu ga tsakiyar wilin dama da na hagu. Ɗumi ba laifi ba ne. Amma idan ɓangaren da aka gyara ya fi ɗan'uwansa zafi nesa, ko ana jin ƙaurin giris, to an matse boris, ko birki na riƙewa.

Maƙwabtan da aka taɓa

Ba a isa ga boris a motoci da yawa sai an kwance tayirod da boljoyin. Waɗanda dama suka tsufa kan ƙarasa lalacewa da bugun da aka yi musu, robarsu ta yage, yashi ya shiga. Idan an kwance waɗannan, ya kamata a duba alaimen. Rashin alaimen shi kaɗai ya fi kawo jan mota gefe guda da cin taya a ɓangare ɗaya, amma tayar da ta ci ba daidai ba daga baya ita ma takan yi girgiza. Shokazoba da ta mutu kuwa ba ta iya danne tsallen taya, don haka ƙaramar matsala kan zama babba. Yana da kyau kuma a duba ɗaya ƙafar, tunda hanya ɗaya suka bi, kaya ɗaya suka ɗauka.

Batun kayan gyara

Sai a ƙarshe ne ya dace a zargi boris ɗin da aka sayo. Jabun kaya gaskiya ne, har manyan kamfanoni irin su SKF da Timken da NSK sun daɗe suna yaƙi da masu kwaikwayon kwalayensu. Mai saye daga Kofar Ruwa a Kano ko shagunan Katsina zai fi samun kwanciyar hankali idan ya tafi da tsohon boris, ya gwada lambar da ke jikinsa da ta sabon, ya karɓi rasit. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Haka kuma kowane sabon boris na buƙatar sabon sil, domin tsohon sil ne ƙofar da ruwan ƙorama da rairayi ke bi su gurɓata giris. Lodin da ya wuce ƙima shi ma yana rage kwanan boris komai kyansa.

Ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ya ba da mota gyara yana da haƙƙin ya nemi a nuna masa abin da aka cire, a kuma fita gwaji tare da bakanike kafin ya cika kuɗin aiki. Idan kuwa a hanya aka ji ƙarar ƙarfe na cin ƙarfe, ko hayaƙi na fita daga wili, ko feda ta yi zurfi ba zato, ko taya ta karkata ana gani da ido, kada a ce bari a lallaɓa a ƙarasa. A tsaya a gari mafi kusa, Ruma ne ko Wagini ko Runka, tun da sauran rana, a kira bakanike ya zo da kayan aikinsa.