Yadda Karin Waƙa Ya Yi Yawo Tsakanin Gidan Biki Da Wurin Ibada A Ƙasar Andalus

 Uwargida, in hannunki na cikin aiki ci gaba abinki, aron kunne kawai nake nema.

Yau tafiyarmu da nisa. Za mu je ƙasar Andalus, yankin da a yanzu ake kira Sifen da Fotugal, mu kuma koma baya shekara ɗari bakwai zuwa ɗari takwas. Kada nisan ya dame ki, don akwai tsarabar ƙasar a cikin gidanki. Ishiriniyar nan da ake rerawa lokacin Mauludi, mai ita, Alfazazi, mutumin Ƙurɗuba ne, ɗaya daga manyan biranen Andalus, ya rasu a shekarar 1230. A zamaninsa al'umma uku ke zaune a ƙasar, Musulmi da Kirista da Yahudawa, kuma ba zaman lafiya ake yi kullum ba. Sarakunan Kirista sun ci Ƙurɗuba a 1236, suka ci Ishbiliya a 1248, aka bar wa Musulmi Garnaɗa kaɗai har zuwa 1492. To duk da wannan ɗauki-ba-daɗi, akwai abin da bai fasa shiga gidan kowa ba, shi ne karin waƙa.

Kin san waƙa abu biyu ce, akwai kalmomi, akwai kuma karin da ake ɗora su a kai. Ana iya sauke kalmomin a ɗora wasu, kari yana nan yadda yake. Mun ga haka a nan gida lokacin da wasu masu bege suka ɗauki karin waƙoƙin finafinan Indiya suka zuba yabon Annabi (SAW) a kai. Wasu suka ce madalla, an ƙwato matasa daga shirme, wasu suka ce ina, duk wanda ya ji karin ai fim ɗin zai tuna. Wannan gardamar ba sabuwa ba ce. An yi ta a Andalus, a masallaci da coci da wurin ibadar Yahudawa.

Mutanen Andalus sun ƙirƙiro wani tsarin waƙa da ake kira muwashshaha. Ana farawa da amshi, a kawo baiti mai nasa amsa-amo, sannan ƙarshen baitin ya komo kan amsa-amon amshin, jama'a su karɓa. In kin taɓa zama wurin kiɗan ƙwarya, zabiya na bayarwa mata na amsawa, kin riga kin gane. Abin da ya fi burge ni a cikinta shi ne wutsiyarta, wadda suke kira harja, wato mafita. Mawaƙi zai yi waƙarsa da Larabcin malamai tsantsa, amma in ya zo rufewa sai ya koma Larabcin kasuwa ko harshen 'yan ƙasa mai dangantaka da Sifaniyanci, kuma sau da yawa a bakin budurwa yake sa maganar, tana kai wa uwarta kukan masoyin da ya tafi bai dawo ba. Sai a 1948 wani masani, Samuel Stern, ya iya warware waɗannan ɗangwaye, aka tarar suna cikin mafi tsufan waƙoƙin soyayya da aka samu a rubuce a wannan harshe. Kin ga ashe muryar mace ce a gindin abin.

Muwashshaha tana da ƙanwa, zajal, wadda ita gaba ɗayanta da Larabcin kan titi ake yi. Gwaninta shi ne Ibn Ƙuzman na Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1160, kuma gaskiya waƙoƙinsa na shashanci ne, giya da soyayya da roƙon masu kuɗi. Sai ga wani sufi, Shushtari, wanda ya rasu a Masar a 1269, ya ɗauki wannan tsari na 'yan duniya ya cika shi da ambaton Allah, yana bin kasuwanni yana rerawa don talaka ya ji da harshen da ya sani. Har yau ana rera waƙoƙinsa a zawiyoyi daga Maroko zuwa Sham.

Yahudawa ma haka suka yi. Mawaƙansu sun tsara waƙoƙi da Ibrananci a kan wannan ma'auni, har da na ibada, kuma masu kwafar littattafai kan rubuta farkon wata waƙar Larabci a saman shafi don mai rerawa ya san karin da zai bi. Babban malaminsu Musa bin Maimun, haifaffen Ƙurɗuba da ya rasu a Masar a 1204, ya yi tir da dattawan da ke hana waƙa don kawai da Larabci take, ko da ma'anarta mai kyau ce, su kuma ƙyale ta Ibrananci ko da batsa ce. A wurinsa abin dubawa shi ne me waƙar ke faɗa.

Yanzu mu leƙa fadar Kirista, don nan ne labarin ya fi daɗi. Sarki Alfonso na Goma, wanda ake yi wa laƙabi da Masani, ya mulki Kastila daga 1252 zuwa 1284, ya kuma daɗe yana zaune a Ishbiliya, garin da mahaifinsa ya karɓe daga hannun Musulmi. Ya sa aka tara waƙoƙi sama da 400 na Nana Maryamu bisa aƙidarsu ta Kirista, ana kiransu Kantigas. Yawancinsu labarai ne na mu'ujizojin da suke jingina mata, amma kowace ta goma zallar yabo ce. A gabatarwar littafin sarkin ya nuna cewa ya bar yi wa sauran mata waƙar soyayya, daga yanzu shi mawaƙin Maryamu ne. Wato kalmomin da mawaƙan fada ke tsara mata da su, su ya kwasa ya kai wurin ibada. Kada fa ki ɗauka waliyyi ne, don shi ɗin dai ya bar waƙoƙin zambo waɗanda ba za su faɗu a gaban yara ba.

Mafi yawan Kantigas ɗin nan tsarinsu irin na zajal ne, amshi, baiti, a komo kan amshi. Ɗaya daga kwafin littafin, wanda ke ajiye a fadar Eskoriyal kusa da Madrid, yana da zanen makaɗa wajen arba'in, kuma a ɗayansu ga Musulmi ga Kirista kafaɗa da kafaɗa, kowa rungume da abin kiɗa mai dogon wuya kamar garaya. Sunayen kayan ma sun tona asiri. Udu na Larabawa shi ya zama laud a bakin mutanen Sifen, rababa, 'yar uwar gogenmu, ta zama rabel, duffi ya zama adufe. Wannan adufe, ganga ce mai kusurwa huɗu, har gobe mata ne ke kaɗa ta a wasu ƙauyukan Fotugal, a biki da kuma ziyarar ibada.

Sai dai a nan masana sun rabu. Kirista sun rubuta karin Kantigas da alamomin kiɗa, shi ya sa ake iya rera su yau. Su kuwa Musulmin Andalus da ka suke riƙe nasu, daga bakin malami zuwa kunnen almajiri. A 1922 wani masani, Huliyan Ribera, ya ce karin Kantigas na Larabawa ne ɗungum, wani kuma, Anjiles, ya ce a'a, daga waƙoƙin coci da na mutanen ƙasa suka fito. Ni dai a ganina wanda ya ari tukunya da murfi da ludayi, da wuya a ce bai taɓa ɗanɗana miyar gidan ba.

Takardun fada ma sun ba da shaida. A lissafin albashin fadar ɗansa Sancho na Huɗu na shekarar 1293, makaɗa 27 ne, 13 Musulmi, biyu daga cikinsu mata, da Bayahude ɗaya. Abin bai tsaya a fada ba. A 1322 manyan limaman coci suka taru a garin Bayadolid suka hana kawo Musulmi da Yahudawa cikin coci su yi kiɗa da waƙa a daren raya ibada. Ai ba a kafa doka a kan abin da ba a yi. A wurin ziyara na dutsen Monserat kuwa wata dabara aka yi. Masu ziyara kan kwana a coci, in dare ya yi nisa su ɓarke da waƙoƙin gari da rawa. Maimakon a kore su, sai wajen 1399 aka rubuta musu waƙoƙin ibada masu karin rawa, aka ce to ga waɗannan, ku yi a natse kada ku dami masu addu'a. Guda goma sun tsira a cikin littafin da ake kira Jan Littafi, saboda launin bangonsa.

Bayan faɗuwar Garnaɗa a 1492, babban limamin cocinta na farko, Talabera, ya bar makaɗan Musulmi suna bin jerin gwanon bikin coci da kiɗansu da ake kira zambara. Abin bai ɗore ba. A 1567 Sarki Filib na Biyu ya haramta kiɗan da harshen Larabci da suturar, tsakanin 1609 da 1614 kuma aka kori jikokin Musulmin daga ƙasar baki ɗaya. Waɗanda suka tsallaka teku, a wannan karo da waɗanda suka gabata, sun tafi da waƙoƙin a ƙirjinsu zuwa Fas da Tituwan da Tilimsan da Tunis. A Maroko akwai jerin waƙoƙi 11 na wannan gado da ake kira nuba. Ɗaya daga ciki, Ramalul Maya, da can ta soyayya ce, daga baya aka sauke kalmominta aka ɗora yabon Annabi (SAW), kuma da ita ake raya Mauludi a can har yanzu.

Lokaci ya cimma mu. Uwargida, a duba tukunya kada ta kama. Sai Allah ya sake sada mu, a huta lafiya.