Me ya sa kwamfuta ke kasa gano sunaye masu ƙ, ɗ, ɓ da ƴ?

A ofisoshin magajin gari, makarantu da shagunan buga takardu na Tasawa da Mayahi, jihar Maradi, ana yawan cin karo da matsala ɗaya. Sakatare ya nemi suna cikin dogon jeri, akwatin bincike ya nuna ɗan murabba'i ko wasu alamomi a gurbin harafi, kwamfuta ta ce babu. Mai sunan, wanda wataƙila daga Korgom ko Kanambakashe ya taso, sai ya koma gida ba takarda. Alhali sunan yana nan.

Dalili shi ne kwamfuta ba siffar harafi take nema ba, lambarsa take nema. A tsarin Unicode kowane harafi da tasa lamba: ƙ tana da 0199, ɗ 0257, ɓ 0253, ƴ kuma 01B4. A wurinta k da ƙ ba su haɗa komai ba, kamar yadda kafa da ƙafa ba ɗaya ba ne. Ga shi allon rubutu na AZERTY da aka saba da shi a Nijar don Faransanci aka yi shi, ba shi da haruffa masu lanƙwasa, kowa sai ya yi tasa dabara.

Gyaran ya danganta da abin da aka gani.

Idan murabba'i ne ya fito, harafin lafiya yake, salon rubutun da aka zaɓa ne bai da zanensa. Sai a koma ga salo irin su Charis SIL, Andika ko Noto Sans, waɗanda kyauta ne.

Idan ƙ ta rikiɗe ta zama Æ™, an buɗe takardar ne da tsarin da ba nata ba. Kada a adana ta a haka. A rufe, a sake buɗewa a zaɓi UTF-8.

Idan kuwa harafin ya fito daidai a shafi amma ya canza a akwatin bincike, galibi tsohuwar takarda ce da aka buga da salon da ke ɗora zanen ƙ a kan wata alama daban. A Word sai a danna Ctrl da H, a sa tsohuwar alamar a sama, harafin gaskiya a ƙasa, a musanya. A fara ajiye kwafi tukuna.

Akwai kuma bambancin rubutu. Ƙa'idar da Nijar ta tsayar a 1999 tana amfani da ƴ, Najeriya kuma tana rubuta 'y. Wanda ya nemi ƴan ba zai samu 'yan ba. Haka Tessaoua da Tasawa, ko Haoua da Hawa. Kafin a ce wa mutum ba ya cikin jeri, a gwada rubutun Faransanci da na Hausa, ko a nemi wani ɓangaren sunan da ba shi da lanƙwasa.

A waya, Gboard yana da allon Hausa. A kwamfuta ana iya sa Keyman. Amma babban magani shi ne kowane ofis ya tsai da rubutu ɗaya, sunan mutum kuma a kwafe shi yadda yake a takardar haihuwarsa.